Daga Masu Zaɓen Sarki Zuwa Masu Jefa Ƙuri'a: Rajista da Dokokin Zaɓe a Jihar Kaduna



Zan fara wannan lacca ne daga cikin ganuwar birnin Zazzau, daga Limancin Kona. Kamar yadda aka sani, Limamin Kona yana cikin mutum biyar masu zaɓen Sarkin Zazzau, tare da Waziri da Fagaci da Makama Ƙarami da Limamin Juma'a. Ke nan kalmar zaɓe ba baƙuwa ba ce a wannan unguwa ta malamai. Abin da zamani ya kawo shi ne faɗaɗa masu zaɓen, har ga shi yau Limancin Kona ta zama mazaɓa guda a Ƙaramar Hukumar Zariya, inda ƙuri'ar almajiri da ta shehin malami nauyinsu ɗaya.

Wannan faɗaɗawa kuwa ba rana ɗaya aka yi ta ba. A zaɓen 1951, talakan Arewa wakili yake zaɓa, wakilin ya zaɓi wani, hawa-hawa har zuwa majalisa a Kaduna. A zaɓen tarayya na 1959 an jefa ƙuri'a kai tsaye, amma a Arewa maza kaɗai aka yarda wa. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar garin nan, ta sha ɗauri a kan gwagwarmayar siyasa da neman wa mata 'yanci, amma sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da wannan haƙƙi, ya kuma tsayar da shekarun mai zaɓe a kan 18.

To, mene ne sharaɗin rajista? Mutum ya kasance ɗan Nijeriya, ya cika shekara 18, yana zaune ko yana aiki a yankin, ko kuwa can ne asalinsa. Dole ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, domin ba a aike. Miji ba ya yi wa matarsa, malami ba ya yi wa almajirinsa. Yin rajista sau biyu laifi ne. Wanda ya canja mazauni, sai ya nemi a mayar da sunansa sabon wurin tun da sauran lokaci, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ya fi shafar ɗalibai da ma'aikatan da ake yi wa canjin wurin aiki.

Akwai abin da jama'a suka cika ruɗewa a kansa. Hukumar zaɓe ta ƙasa, wato INEC, wadda aka kafa a 1998, ita ce mai rajista, ita ce kuma mai zaɓen shugaban ƙasa da gwamna da 'yan majalisu. Zaɓen ciyaman da kansila kuwa aikin hukumar zaɓe ta jiha ne, amma da rajistar INEC take amfani. Saboda haka wanda ba ya cikin wannan rajista, ko kansilan unguwarsu ba shi da ikon zaɓa. A irin wannan zaɓe ne Jihar Kaduna ta riga sauran jihohi jefa ƙuri'a da na'ura a 2018, ta sake a 2021.

Sai dai ga abin takaici. A zaɓen 2023 masu rajista a Nijeriya sun haura miliyan 93, Jihar Kaduna kaɗai tana da fiye da miliyan 4, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Mutane da yawa sun mayar da katin zaɓe takardar shaida a banki, wasu kuma suna sayar da ƙuri'arsu a kan kuɗin da ba zai kai su mako ba. An kawo na'urar tantance kati a 2015, aka kawo BVAS a babban zaɓen 2023, amma na'ura tana gane yatsa ne da fuska, amana kuwa tana hannun mai riƙe da ita.

A nan ne magana ta dawo kanmu. 'Yan bautar ƙasa ne ke zama a rumfunan zaɓe, malaman jami'a ne ke tattara sakamako su bayyana shi. Idan aka murɗe alƙalumma, da hannun ɗan boko aka murɗe. Ina roƙon kowa ya duba sunansa lokacin da aka kafe rajista, ya raka iyayensa mata su yi tasu, in kuma aka ba shi aikin zaɓe ya rubuta abin da ya ƙirga.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.