Ɗaki Mai Taya: Jawabin Magatakarda a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, ƴan'uwa direbobi, barkanmu da ganin wannan rana.

Mun saba kawo muku lissafin shiga da fita. Yau kuma an ɗora mana bayani kan abin da kwamiti ke son saye da kuɗin asusu, wato ƙaramar tirelar kwana mai naɗewa, wadda ake ja da ƙaramar mota. Kuɗinku ne, don haka ga abin da muka gano.

Dalilin sayen kowa ya san shi. Ba mu manta rufe iyaka na Agustan 2019 ba, wanda ya kai Disambar 2020, balle na Agustan 2023 da ya kai Maris 2024. Waɗanda abin ya rutsa da su a Ɗan Isa da Jibiya sun san kwanan ƙarƙashin mota. Ko iyaka na buɗe, jiran takarda kan kwanar da mutum, kuma iyayenmu mata da tsofaffi su suka fi jin jiki.

Tirelar akwati ce mai taya biyu. A hanya tana naɗe, ba ta kai tsayin mota ba, shi ya sa iska ba ta dukanta sosai. In an tsaya sai a ɗaga rufi da bango, cikin mintoci ta zama ɗaki. Bangonta mai tauri ne, ba tanti ba, kuma ƙofarta na kulluwa. Kamfanin Rapido na Faransa ya fara ƙera masu naɗewa tun 1961. Akwai kuma Esterel, sai Aliner ta Amurka mai rufi kamar harafin A. Wadda kuɗinmu zai kai gare ta tsohuwa ce, ta hannu, don haka sai an buɗe ido, araha ba ta ado.

Abu na farko, nauyi. Kowace mota tana da iyakar abin da za ta ja, yana rubuce a littafinta. Masana a Ingila na ba sabon mai ja shawarar kada tirela da kayanta su wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar ba lodi. A Turai duk tirelar da ta haura kilo 750 dole ta kasance da birkinta. Mu ma kada mu karɓi marar birki in ta kai haka.

Na biyu, ƙwallon ƙarfen da ake maƙala ta a bayan mota. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka da aka fi gani inci 2 ne, wato milimita 50.8. Ido ba ya rabe su, amma rami ɗaya na iya raba su. A tabbatar baki da ƙwallo ƴan gida ɗaya ne, haka ma soket ɗin wuta, mai ƙafa 7 ne ko 13.

Na uku, ruwa. A buɗe ta a naɗe sau uku a gaban mai sayarwa, a duba robobin mahaɗa, a taka kowane lungu na ƙasanta. In ya lotsa ko ana jin warin ruɓa, a bar masa kayansa.

Na huɗu, taya. Akwai lambobi huɗu a gefenta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar ƙira. Tayar da ta wuce shekara bakwai a canza ta ko da zanenta bai goge ba. A zuba sabon giris a boris, a nemi safaya, don ƙananan tayoyin nan ba ko'ina ake samunsu ba. Kuma cikinta kusa yake da ƙasa, ba ta hanyar rairayi ba ce.

Sai batun ja, kuma a nan za mu faɗi laifinmu. Da muka aro ƙaramar tirelar kaya don gwaji, mun jibge buhuna a can bayanta. Muna ƙara gudu ta fara kaɗa wutsiya, har ta kusa jefa mu rami. Allah ne ya kiyaye, kuma direbanmu ya san aiki: bai taka birki da ƙarfi ba, bai yi kokawa da sitiyari ba, ya ɗage ƙafa daga totur har ta lafa. Ƙa'ida ita ce kaya masu nauyi su zauna ƙasa-ƙasa, kusa da saitin taya, wajen kashi 60 cikin 100 ta gaba. A ɗaura sarƙar tsaro, a gwada sigina, a ba motar gaba tazara mai yawa, a buɗe kwana. Wurin ribas tana bin kishiyar inda aka juya, sai an koya a fili. Ba a ɗaukar mutum a cikinta ana tafiya, kuma ba a shiga da garwashi a rufe ƙofa ko da sanyin hunturu, hayaƙinsa marar wari yana kashe mai barci.

Takardu kuwa, kafin mu biya ko dala za mu je wurin duwan da kwastan da masu inshora, a rubuta mana abin da ake bukata a kowane ɓangare. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Roƙonmu uku ne. Kada a saki kuɗi sai makanikin da muka yarda da shi ya duba ta. A ware direbobi biyu da mota ɗaya da za su riƙa janta. Sannan a rubuta cikin doka cewa ɗakin kwana ce, ko buhu ɗaya na haja ba zai shige ta ba, komai girman mai shi. In ba za mu iya riƙe wannan ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Bayan sallar La'asar za a ɗaga hannu. Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya maido mu gida lafiya.