Datar da muke ƙonawa a zagi za ta iya kai mu ajin jami'a

Jawabin shugaban matasa a taron matasan tafiyarmu



Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawan wannan tafiya, shugabar mata, 'yan uwana matasa maza da mata, barkanmu da zuwa. Yau ba zan taɓa 'yan ɗaya ɓangaren ba. Maganar cikin gida zan yi.

Kowa a nan ya san yadda ake yi. Idan zaɓe ya matso, a turo mana kuɗin data, mu hau Facebook da TikTok muna kare jagora, wani har ƙarfe biyun dare yana mayar da martani. Ban ce a daina ba, tafiya sai da masu magana. Amma ranar da aka ci zaɓe aka zo rabon muƙamai, wa ake kira? Wanda ya iya tsara kasafin kuɗi, wanda ya iya aiki da kwamfuta, wanda zai karanta ƙudurin doka ya gane abin da ke ciki. Sojan baka kuwa a ba shi buhun shinkafa, in ya yi sa'a babur, a ce ya ƙara haƙuri. Wallahi wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

To, wannan wayar da ke hannunku, akwai karatun jami'a a cikinta, kuma kyauta.

A shekarar 2001 jami'ar MIT ta Amurka, wadda duniya ta sani a fannin kimiyya da injiniya, ta sanar da cewa za ta zuba darussanta a intanet kowa ya ɗauka. Sunan shirin MIT OpenCourseWare. Yau akwai kwasa-kwasai sama da dubu biyu a ciki: takardun lakca, tambayoyin jarrabawa, wasu har da bidiyon malamin yana koyarwa a gaban allo. Ba fom, ba JAMB, ba wanda zai tambaye ka ɗan gidan wa kake. A 2012 MIT da Harvard suka haɗu suka buɗe edX, a shekarar kuma wasu malamai biyu na jami'ar Stanford suka kafa Coursera.

Bari in tsaya a kan guda biyu da nake ganin sun fi dacewa da mu. Na farko CS50, kwas ɗin shiga ilimin kwamfuta na Harvard da David Malan yake koyarwa. An tsara shi ne don wanda bai taɓa rubuta manhaja ba. Ka kalli lakca, ka yi aikin da aka ba ka, ka tura, a duba maka. In ka samu saba'in cikin ɗari a ayyukan, ka kammala aikin ƙarshe, su ba ka takardar shaida ba tare da ka biya ko sisi ba. Yana da wuya fa, kada wani ya ce na ce masa shan koko ne.

Na biyu namu ne mu 'yan siyasa. Farfesa Michael Sandel na Harvard yana da darasi a kan adalci, bidiyo 12, duka suna YouTube. A na farko yake tambayar ɗalibai: kai ne direban taragon da birkinsa ya tsinke, gabanka ma'aikata biyar, a hanyar gefe mutum ɗaya, ina za ka karkata? Daga nan ake shiga batun haraji, da haƙƙin talaka a dukiyar mai kuɗi, da abin da gwamnati ke da ikon tilasta wa jama'a. Ba dole ka yarda da duk abin da ake faɗa ba, muna da addininmu da al'adarmu. Amma ka kalli yadda ɗalibi ke tashi ya ƙalubalanci ɗan uwansa da hujja, ba wanda ya ambaci uwar wani. Mu da muke muhawara kullum, ai muna buƙatar wannan.

Wanda lissafi ya gagare shi tun sakandare, Khan Academy na nan, daga tarawa da ɗebewa take farawa. Nan gida kuma, jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, NOUN, tana ɗora littattafan kwasa-kwasanta a shafinta, kowa na iya saukewa: mulki, kimiyyar siyasa, akanta, aikin gona. Ita kanta jami'ar a 1983 aka kafa ta zamanin Shagari, soja suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita. Bayan ya sauka daga mulki ya koma can ya zama ɗalibi, har ya yi digirin digirgir. Tsohon shugaban ƙasa ke nan, da furfurarsa.

Sai dai in gaya muku gaskiya, don kada a yaudare ku. MIT OpenCourseWare ba ta ba da takarda. A edX da Coursera, yawanci sai ka biya kafin ka karɓi satifiket. Kuma waɗannan kwasa-kwasan ba digiri ba ne, ba za su kai ka bautar ƙasa ba. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka digirin Harvard ta waya, ɗan damfara ne. Ni difloma gare ni, na san yadda ake raina mai ƙaramar takarda a ofis. Amma na kuma ga yadda ake neman wanda ya iya aiki ruwa a jallo. Sannan ku tuna 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba ASUU tana yajin aiki, wata takwas ƙannenmu suna zaune a gida. Da akwai wurin da suke haɗuwa su yi irin wannan karatun, da ba a yi asarar watannin gaba ɗaya ba.

Na san za a ce Turanci, za a ce wuta, za a ce tsadar data. Gaskiya ne. Turancin, a YouTube kana iya rage saurin maganar, ka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasa. Data kuwa, mutum ɗaya ya sauke bidiyon da garaɓasar dare, ya tura wa mutum ashirin ta Xender.

Wuta ce ta fi ƙarfinmu, shi ya sa nake roƙon iyayenmu da ke zaune a nan. Ofisoshinmu na mazaɓa a kulle suke daga zaɓe zuwa zaɓe, sai ƙura da tsofaffin fastoci. Ku ba mu makullan. Cikin kuɗin da ake warewa na talla, a cire na sola ɗaya da talabijin ɗaya a kowane ofis. Mu kuma mun ɗauki alkawarin zama sau biyu a mako, mata da rana, maza bayan isha'i, kowane zama da wanda zai riƙe rajista, duk wata mu kawo muku sunayen waɗanda suka ɗore.

Mai son shiga ya ba sakataren matasa na mazaɓarsa suna kafin mu tashi, ya faɗi fannin da yake so. Ranar Asabar za mu fara da ofishin da aka fara ba mu makullinsa.