Rashin Barci Mai Daɗewa da Nauyin da Ke Kan Iyali



Hausawa kan ce barci ɓarawo ne, watau yakan sace mutum ba da saninsa ba. To, amma akwai gidaje da dama a Samaru da Sabon Gari inda wani yakan kwana yana jiran wannan ɓarawo har a kira assalatu bai zo ba. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba halin irin wannan mutum, musamman idan yana fama da wasu cututtuka, sa'an nan a bayyana abin da iyalinsa za su iya yi masa.

Da farko ya kamata a bambanta abu biyu. Kowa yakan rasa barci dare ɗaya ko biyu saboda zafin bazara, ko sauro, ko ƙarar janareta. Wannan ba cuta ba ce. Abin da likitoci ke kira rashin barci mai daɗewa shi ne mutum ya kasa samun barci, ko ya riƙa farkawa ya kasa komawa, aƙalla dare uku a mako har tsawon wata uku, alhali yana da damar kwanciya, kuma abin ya hana shi sukuni da rana. Baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9. A cikin barcin nan ne bugun jini kan sauka da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, zuciya ta sarara. Saboda haka wanda ba ya barci, ba hutu kaɗai ya rasa ba.

A ƙaddara wani dattijo ne a Sabon Gari, wanda ya yi ritaya daga aikin reluwe, yana da hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa. Da la'asar yakan zauna ƙofar gida ya ci goro, bayan isha'i ya sha shayi mai kauri, ya haɗiye magungunansa duka a lokaci ɗaya. Cikin dare fitsari ya tashe shi sau huɗu, gwiwa ta hana shi juyi. Gari na wayewa sai ya rama barcin daga hantsi har azahar. Iyali kuwa suna cewa tsufa ne, ko kuwa tunani ya yi wa Baba yawa. Alhali kusan kowace gaɓa ta wannan labari tana da gyara.

Abu na farko shi ne a nemi abin da ke tashinsa. Sukari idan ya hau yakan jawo ƙishirwa da yawan fitsari. Wasu magungunan hawan jini aikinsu ke nan su sa fitsari, shi ya sa akan fi son a sha su da safe. Amma likita ne ke sauya lokacin shan magani, ba iyali ba. Ciwon zuciya yakan sa numfashi ya yi wuya in an kwanta, har mutum ya koma barci a zaune. Asma takan tsananta da dare, balle lokacin ƙurar hunturu. Akwai kuma mai munshari da ƙarfi wanda numfashinsa kan ɗauke na ɗan lokaci ya farka a firgice. Shi bai san yana yi ba, sai wanda ke kwana kusa da shi. Ciwon damuwa shi ma alamarsa ce mutum ya farka tun kafin asuba, ya daina sha'awar abinci da hira.

A nan ne aikin iyali ya fi na kowa. Likita minti kaɗan yake ganin majinyaci, su kuwa suna tare da shi dare da rana. Sai a sami ɗan littafi, a yi mako biyu ana rubuta lokacin da ya kwanta, sau nawa ya farka, me ya tashe shi, me ya ci ko ya sha da yamma. Ran zuwa asibiti a tafi da littafin, tare da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma mazauninsa na Shika a 2005, yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, haka nan akwai asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Zuwa wurinsu ba ya nufin mutum ya zautu.

Abu na biyu shi ne gyaran al'adar kwanciya. Goro da shayi da kofi duk suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda yakan ɗauki kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jini. Ke nan goron ƙarfe biyar na yamma, rabin ƙarfinsa yana nan da ƙarfe goma na dare. Ba sai an raba dattijo da goronsa ba, a mayar masa da shi safe. Ƙailula kada ta wuce rabin awa. A tsayar da lokacin tashi guda kullum, ya fita ya sha hantsi, domin hasken safe ne ke saita agogon jiki. A 1972 wani masani a Amurka, Richard Bootzin, ya kawo wata ƙa'ida: kada a hau gado sai an ji barci, in kuwa an kwanta barci ya ƙi, a tashi a zauna cikin haske kaɗan har ya zo. Hikimar ita ce kada gado ya zame wa mutum wurin fargaba. A 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawarar a fara da irin wannan horo kafin a kai ga ƙwaya.

Abu na uku gargaɗi ne. Da yawa cikin 'ya'ya, don tausayi, sukan je kemis su sayo wa iyayensu Valium ko makamancinsa. Irin wannan ƙwaya jiki yakan saba da ita, ta sa tsoho jiri da mantuwa, ya tashi fitsari cikin duhu ya faɗi ya karye. Ga mai ɗaukewar numfashi kuwa haɗarinta ya fi haka. Wanda ya riga ya daɗe yana sha, kada a yanke masa farat ɗaya, sai a hannun likita. Maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018, shi ma ba maganin barci ba ne. In majinyaci ya fara maganar gajiya da rayuwa, ko ƙirji ya riƙe masa, ko ƙafafu suka kumbura, a nufi asibiti ran nan, kada a jira ranar da aka ba shi.

Daga ƙarshe, a tuna da mai jinya. Sau da yawa mace ɗaya ce, uwargida ko 'ya, ke kwana ido biyu tare da shi, gobe kuma ta yi girki ko ta tafi aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba kwanakin tsakanin 'yan'uwa, wanda ke nesa ya ɗauki kuɗin magani da na mota. Kuma kada a riƙa yi wa majinyaci faɗa wai ya daure ya yi barci, gama barci ba ya zuwa da tilas. Sauƙi yakan ɗauki makonni kafin ya bayyana, sai an yi haƙuri.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.