Tafiyar Sallah Da Kwananmu A Dogon Dawa

 Ga Sallah ta ƙarato, na kuma san a gidaje da yawa an fara ɗaure-ɗauren kaya, musamman ku da aure ko neman abinci ya kai ku Kudu, kuna shirin zuwa ganin gida. To yau a kan wannan tafiya za mu yi magana, kuma da kaina zan fara, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A shekarar 2008 muna zaune a unguwar Sabo ta Ibadan. Babbar Sallah ta faɗo a watan Disamba, ga kuma bikin ƙanwata a Malumfashi bayan Sallah da mako guda. Ni ce babbar ya, kun kuwa san babbar ya ba ta zuwa biki hannu rabbana. Na tara katifa da kwanuka, da huhun goro, da jarkar manja uku, da doya, da buhun garin kwaki. Motarmu Peugeot 504 ce doguwa, ga mu mu biyu da yara huɗu. Malam ya dubi kayan ya ce, "Maman yara, a rage." Na ce ko tsinke ba za a bari ba. Da ya ga na kafe sai ya aro wata 'yar tirela mai ƙafa biyu, wadda mai walda ya haɗa, aka maƙala ta a bayan mota, aka lafta mata kaya.

Ranar farko lafiya lau. Muka wuce Ilori, muka ƙetare kogin Kwara a Jaba, muka kwana a Mokwa. Washegari, tun daga Tegina na fara jin wani ƙauri kamar ana ƙona roba, na kuma ga allurar nan mai nuna zafin inji tana ta hawa. Jama'a, na gani da idona, amma na ja bakina na yi shiru. A raina na ce mota sha'anin maza ne. Gaskiyar magana kuwa, tsoro nake kada in yi magana a ce kayana ne suka jawo.

Mun isa Birnin Gwari da la'asar sakaliya. Wani dattijon direba a tasha ya dubi motar, ya dubi tirelar, ya ce, "Alhaji, ku kwana nan, da safe bakanike ya duba muku." Malam har ya fara yarda. Ni ce na ce haba, Funtuwa ai ta kusa, gobe fa jajibere. Muka kama hanyar Funtuwa, ga ramuka, ga daji hagu da dama, tirela tana ta lilo a bayanmu kamar wutsiyar saniya. Ana dab da magariba, saura kaɗan mu shiga Dogon Dawa, sai muka ji wani abu ya yi fat, tururi ya turnuƙe gaban mota. Fambel ya tsinke, inji ya tafasa.

Malam ya fito da sauri zai buɗe murfin lagireto. Allah ya kawo wani manomi a kan keke, ya daka masa tsawa, "Kada ka taɓa, Alhaji!" Ku riƙe wannan, 'yan'uwa: idan inji ya yi zafi, ruwan da ke cikin lagireto a matse yake, ya ma wuce tafasa. Ana buɗe murfin zai yi tsartuwa ya saɓule wa mutum fuska da hannu. Sai an kashe mota an jira ta huce tukuna, kuma ba a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, don yana iya tsagewa.

Bawan Allahn nan ya koma gari ya zo da samari. Suka kwance tirelar suka ja ta da hannu, wata motar masara ta ja tamu. Aka sauke ni da yara a gidan wata tsohuwa. Ba ta tambaye ni ko 'yar wace ce ni ba. Cewa kawai ta yi, "Sannu 'yar nan, kawo jaririn," ta ɗora ruwan zafi ta yi masa wanka, ta kawo mana tuwon masara da miyar kuka. Ga sanyin hunturu, ta ba mu bargonta ita ta rufa da zane. Da safe bakanike ya ce ba fambel kaɗai ba ne, zafin ya ƙone gasket, kuma sai an aika Funtuwa. A taƙaice dai, a Dogon Dawa muka yi Idi, kwananmu uku. Manjan nan da na kafe a kansa, jarka biyu muka sayar aka biya kuɗin gyara. Da za mu tafi na damƙa wa Inna kuɗi, ta ce in ba so nake mu ɓata ba in mayar. Goro kawai ta karɓa.

To wancan lokacin ke nan, da abin da ya dame mu bai wuce sanyi da sauro da kunyar dangi ba. A watan Oktoba na 2012 'yan bindiga suka afka wa garin nan da asuba, suka kashe mutane wajen ashirin, har da masu fitowa daga masallaci. Ranar da na ji a rediyo kasa cin abinci na yi, Inna kawai nake tunawa. Shekarun da suka biyo baya kuwa kun san yadda dazuzzukan Kamuku da Kuyambana suka zama maɓoyar masu satar mutane. A ƙarshen 2024 gwamnatin Kaduna ta yi sulhu da wasunsu, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Mun gode Allah, amma duk da haka, ranar da za ku bi hanyar ku tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a wannan rana, kada ku dogara da labarin bara. Kuma ko mota sabuwa ce fil, kada magariba ta same ku a daji.

Uwargida, kina da baki a wannan tafiya, tunda 'ya'yanki ne a ciki. Tun saura mako ki tuna wa maigida, cikin ladabi, a kai mota a duba fambel da birki da tayu, a sayi fambel na biyu a ajiye, a tabbatar safaya tana da iska, jak yana aiki. Ke kuma ki tanadi jarkar ruwa biyu, ɗaya ta sha ɗaya ta mota, da tocila, da bargon yara, da ruwan gishiri da sukari na leda, da abincin da ba ya lalacewa, irin su dambun nama da ƙuli-ƙuli. In kin ji ƙauri ko kin ga allura ta hau, ki faɗa nan take. Gara ya yi miki tsaki ya tsaya ya duba.

Batun tirela kuwa, in ya zama dole sai an ja ta, a sa kaya masu nauyi a kan ƙafafunta, su ɗan rinjaya gaba. In nauyi ya koma baya, lilo za ta riƙa yi har ta iya fizgar motar. Yawancin waɗannan na masu walda ba su da birki, a gangara tura mota suke yi, a hawa kuma su dafa inji. Ni dai tun daga wannan shekara, kayan biki a babbar mota nake ba da su tun saura kwana goma, in karɓi lambar direba, mu kuma mu taho da jakunkunanmu kawai.

Lokaci ya cim mana. Masu tafiya, Allah ya kai ku lafiya, a gaida mutanen gida. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.