Zaɓen Regiletar Mai Ga Injin da Aka Ƙara wa Ƙarfi

Regiletar mai ƙaramar na'ura ce da ke riƙe ƙarfin turin fetur daidai a bayan nozulolin injin. A cikinta akwai faifan roba, da sifirin, da bawul. Famfo yana turo fetur daga tanki fiye da abin da injin zai sha. Idan turin ya kai iyakar da sifirin ya tsayar, sai bawul ya buɗe, rarar man ta bi tiyo ta koma tanki. A motoci da yawa masu nozul, iyakar nan ba (bar, ma'aunin turi) 3 ce, wato psi 43.5, wasu kuma ba 4. Regiletar da ake daidaitawa tana da ƙusa a samanta: a ɗaure ƙusar turi ya hau, a sassauta ya sauka.

Regileta ba ta ƙara wa mota ƙarfi da kanta. Kwamfutar injin ce ke ƙayyade tsawon lokacin da nozul zai buɗe, kuma lissafinta ya dogara ne ga turi tsayayye. Buƙatar sauya regileta takan taso ne bayan an sa tarbo, ko manyan nozuloli, ko babban famfo. Famfo irin Walbro mai tura lita 255 a awa yakan fi ƙarfin ramin regiletar kamfani. Rarar man ba ta samun hanyar komawa, turi ya hau a silo, filogi ya yi baƙi, salansa ta riƙa warin ɗanyen fetur. Don haka abu na farko da ake dubawa shi ne faɗin hanyar mayar da mai. Baki mai lamba AN 6, wanda ke ɗaukar tiyo na kashi 3 cikin 8 na inci, ya wadatar da yawancin motocin titi. Manyan famfuna kan nemi AN 8.

Abu na biyu shi ne ɗan bakin da ake haɗawa da manifol ta siririn tiyo. Nozul yana fesa mai ne cikin manifol, iskar da ke ciki kuwa ba ta tsayawa wuri guda. A silo injin na zuƙo man, idan tarbo ya tashi kuma iska ce ke tokare shi. Regileta mai bin manifol ɗaya bisa ɗaya tana rage turi ko ta ƙara daidai da wannan sauyi. Idan an tsayar da ita a ba 3, tarbo ya hura ba 1, geji zai nuna ba 4, amma bambancin da nozul ke aiki da shi yana nan a 3. Akwai wata irin regileta mai ninka turi, kamar 6 bisa 1, wadda aka yi yayinta domin tilasta wa ƙananan nozuloli ba da ƙarin mai. Injin da aka sake tsara kwamfutarsa ba ya buƙatarta.

Ƙara turi ma yana da iyaka. Ɗaga shi daga ba 3 zuwa 4 yana ƙara man nozul da kusan kashi 15 cikin 100 kawai, kuma sai an ninka turi sau 4 kafin man ya ninka sau 2. Shi kuwa famfo, yawan man da yake bayarwa raguwa yake yi duk lokacin da turi ya hau. Idan ya gaza a ƙarshen totur, mai ya yi kaɗan a cikin iska, zafi ya tashi, har fistin ya iya narkewa. Nozul ɗin da ya yi ƙanƙanta, maganinsa babban nozul.

Sannan a lura da irin motar. Regiletar kafireta tana aiki ne a ƙasa da psi 10, ba ta dace da injin nozul ba ko da bakinta ya shiga. Motoci da yawa tun daga ƙarshen shekarun 1990 ba su da tiyon mayar da mai, regiletarsu na cikin tanki, sai an ja sabon tiyo kafin a ɗaura ta waje. Injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda kuwa turinsa kan haura ba 100, tsarinsa daban ne. Mai amfani da man da aka gauraya da etanol da yawa, irin E85, ya tabbatar robar ciki tana jure shi. Kamfanoni irin su Aeromotive da Turbosmart suna bayyana iyakar turi da irin man da kowace regiletarsu ke ɗauka.

Wajen daidaitawa, makaniki yakan tayar da injin, ya zare siririn tiyon manifol ya toshe shi da yatsa, ya juya ƙusa har geji ya tsaya inda ake so, sannan ya ɗaure noti. Da ya mayar da tiyon, allurar geji za ta ɗan sauka da kusan rabin ba. Idan an ga fetur cikin wannan tiyo, robar ta yage. Bayan nan sai a duba ko'ina don yoyo, a kuma auna cakuɗar mai da iska yayin da motar ke ja, domin a nan ne ake sanin ko turin ya tsaya.