Takardar Haraji Ba Ta Ruɓewa a Durowa

 

Mai girma Sarkin Hausawan wannan gari namu na Houston, malamanmu, shugaban taro, iyayena mata, yayyena da ƙannena, barkanmu da yamma. Na ji ƙamshin miyar taushe ya fara shigowa daga baya, saboda haka ba zan tsare ku ba. Da shugaba ya kira ni ya ce in yi magana a kan haraji, na ce masa ranka ya daɗe, ni fa ba akanta ba ne, ba kuma lauya ba. Ya ce ai shi ya sa aka zaɓe ka, kai ne macijin ya taɓa sara. To, na karɓa.

Ni mutumin Madobi ne. Wanda ya san yankinmu ya san abin da ruwan Tiga ya yi mana. Tun da aka gama dam ɗin a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya ratsa Bunkure da Kura da Kadawa, rani ya zama damina ta biyu. Shinkafa, alkama, tumatir, albasa. Muna yara in aka ce kuɗin ruwa, abu ɗaya muka sani: abin da manomi ke biyan Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are don a sako masa ruwa a gona. Sai da na zo Amurka na gamu da ɗaya kuɗin ruwan, wanda ba ya shayar da komai, shi ne ma yake shan mutum. Hukumar harajin Amurka, wato IRS, ita ta koya mini shi.

Kafin in ba ku labarin, bari in faɗi inda nake ganin cutar ta samo asali. Iyayenmu sun sha wahalar haraji. Dagaci ya aiko, mai unguwa ya bi gida gida, wanda bai da shi ya sayar da akuya ko ya tafi cin rani. Bafulatani kuwa in lokacin jangali ya ƙarato sai ya kaɗa shanunsa ya nausa daji. Da Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano a 1979 ya soke haraji da jangali, murna aka yi har da guɗa. Mu da muka tashi bayan nan, abin da muka sha a nono shi ne haraji zalunci ne, wanda ya zille masa kuma gwani ne. Wannan tunani muka naɗe muka sa a akwati muka hau jirgi da shi. A nan kuwa ba dagaci ne ke bin ka ba. Kwamfuta ce, kuma ba ta san ɗan wane ne kai ba.

Garin nan yana da nasa tarkon. Jihar Texas ba ta karɓar harajin albashi, sai baƙo ya ji haka ya ɗauka an yafe masa gaba ɗaya, alhali na tarayya yana nan daram. Ga shi gari sai buɗewa yake. Ƙidayar 2020 ta ba birnin mutum miliyan 2.3, in aka haɗa da kewaye ya haura miliyan 7. Inda muka sani fili ne a Katy da Richmond yau gidaje ne. Aiki ya yawaita, kuma mafi yawan wanda namu ke samu ba na albashi ba ne. Wannan yana jan Uber, wancan yana kai kaya gida gida, wata tana kitso, wani yana sayen motocin gwanjo yana turawa Kwatano. Mai albashi ana yanke masa haraji tun kafin kuɗin su shigo hannunsa. Mai aikin kansa ba wanda ke yanke masa komai. Kuɗi su shigo cif, ya aika gida, a sayi taki, a yi rufin ɗaki. Ƙarshen shekara takardar 1099 mai nuna abin da ya samu ta iso, kwafinta kuma ya riga ya isa IRS. A nan ne zai ji cewa ban da harajin kuɗin shiga akwai wani kashi 15.3 cikin ɗari na mai aikin kansa, kuma tun farko kamata ya yi ya riƙa biya sau huɗu a shekara.

Yanzu ga nawa labarin. Shekarata ta uku a nan, wani aboki ya kai ni wurin wani mai cike fom ɗin haraji a bayan shagon kayan abinci. Ɗan teburi, kwamfuta ɗaya, layi har waje. Aka ce hannunsa na da albarka, kowa ya je sai gwamnati ta mayar masa da kuɗi masu kauri. Ya tambaye ni wa nake ciyarwa. Na ce mahaifiyata a Madobi da 'ya'yan yayana biyu marayu. Gaskiya na faɗa, ni nake ciyar da su. Ya ce shi ke nan. Ya tambayi sadaka, na ce na taimaka a ginin masallacin unguwarmu a gida. Ya ce madalla, ya rubuta. Ya ce ladansa a cikin abin da za a mayar mini zai ɗauka. Na sa hannu ban karanta ba. Abin da ban lura da shi ba, shi bai sa nasa hannun ba, gurbin da aka ware wa wanda ya cike fom ya bar shi fari fat.

Kuɗi suka zo, na yi ta shi masa albarka. Bayan shekara ɗaya da wani abu wasiƙa ta zo. Na buɗe, na ga Turanci mai yawa da lambobi, na ninke na jefa a durowar kicin, ƙarƙashin takardun talla. Ta biyu ta zo, na ɗora a kan ta farko. Wallahi har durowar na daina buɗewa, in ina neman cokali sai in aiki yaro. Da na koma bayan shagon, wurin ya zama na sayar da waya. Mutumin ya yi layar zana.

Abin da na koya daga baya, da tsada, shi ne dokarsu ba ta lissafa wanda kake ciyarwa sai in ɗan ƙasa ne, ko mazaunin Amurka, ko Kanada, ko Meziko. Mahaifiyarka da ke Madobi, ko kai kaɗai ne gatanta a duniya, ba ta shiga. Abin da ka ba masallacin gida kai tsaye ladansa na wurin Allah, amma IRS ba ta rage maka ko sisi saboda shi. Kuma duk abin da aka rubuta a fom, wanda ya sa hannu shi ke da shi. Na mayar da kuɗin, na biya tara, na biya kuɗin ruwa. Malamai suna nan, su suka san hukunci, amma ni abin da ya fi ci mini rai shi ne na yi shekaru ina gudun riba a banki, sai ga shi sakacina ya sa na biya ta da hannuna.

Ku riƙe lissafin nan, don shi ne ya fi ba mutane mamaki. Wanda bai shigar da fom ba a ranar 15 ga Afrilu, tararsa kashi 5 cikin ɗari ce na abin da ake bin sa a kowane wata, har ta kai kashi 25. Wanda ya shigar amma bai samu biya ba, tasa rabin kashi ɗaya ce a wata. Ninki goma ke nan tsakaninsu. Saboda haka mai cewa ba ni da kuɗin biya, bari in yi shiru sai na samu, ya zaɓi hanya mafi tsada. Shigar da fom ɗin, sannan ka nemi a raba maka biyan wata wata, suna yarda. Wanda ya nemi ƙarin lokaci zuwa 15 ga Oktoba kuma ya sani, lokacin cike fom aka ƙara masa, ba na biya ba. Akwai wata wasiƙa da ke ba ka kwana 90 ka kai ƙara kotun haraji kafin a tabbatar da bashin a kanka. Tawa a durowa ta cinye kwanakinta. In bashi ya yi nauyi aka ƙi kula shi, suna iya riƙe albashi, su taɓa asusun banki, kuma tun dokar 2015 suna iya sa a hana mutum fasfo. Masu shirin neman zama 'yan ƙasa kuma, fom ɗin yana tambayar ko ana bin ka haraji.

To wa za a je wurinsa? A gida in injin ban-ruwa ya lalace ba ka kai wa mai facin keke, ko da ƙaninka ne. Mutum uku ne doka ta ba cikakken ikon tsaya maka a gaban IRS: lauya, da akanta mai lasisin CPA, da wanda hukumar da kanta ta ba shaidar EA. Wadda ta fitar da ni daga ramin mai EA ce, wata dattijuwa. Na kai mata takardun a leda, wasu ko buɗe su ban yi ba. Ta jera su a tebur bisa kwanan wata, ta sa na sa hannu a fom 2848 wanda ya ba ta wakilcina, daga ranar ita ke magana da su. Ta faɗa mini kuɗin aikinta tun kafin ta taɓa komai, ta kuma faɗa mini abin da ba zai yiwu ba. Wannan na biyun ne ya sa na yarda da ita. Duk wanda zai karɓi kuɗinka ya cike maka fom, dole ya kasance da lambar PTIN, ya rubuta ta, ya sa hannu. In ya ƙi, tashi ka ba shi wuri. In ya yi maka alkawarin adadin da za a mayar maka tun bai ga takardunka ba, ko ya ce a zuba kuɗin a asusunsa, tashi. Masu talla a rediyo suna cewa za su shafe maka bashi da 'yan canji, su ma a yi hattara. Tsarin rangwame yana nan da gaske, amma sai an auna samunka da dukiyarka, kuma ba kowa ke samu ba. Wanda kuma ya bugo waya yana cewa shi IRS ne, ka sayi katin kyauta ka biya yanzu ko 'yan sanda su zo, ɓarawo ne, kashe wayarka.

Mai ƙaramin ƙarfi kada ya ce ba shi da kuɗin ƙwararre. Akwai shirin VITA da ke cike fom kyauta, akwai ofisoshin da ke kare masu ƙaramin samu a rigimarsu da IRS kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, akwai kuma ofishin mai kare haƙƙin masu biyan haraji a cikin hukumar kanta.

Saura maganar gida, wadda ta fi shafar manyanmu da Allah ya buɗa wa. Da yawanmu mun sayi gona a Kura ko Garun Malam, wasu sun kafa injin casar shinkafa, an yi wa kamfani rajista, an bar ƙane yana kula. Muna ganin wannan harkar can ce, ba ruwan Amurka. Da ruwanta. Ɗan ƙasa da mai katin zama, ana lissafa samunsu na ko'ina a duniya. In kuɗin da ke asusunanka na Najeriya, a haɗe, suka haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne a shekara, akwai rahoton FBAR da za ka shigar. Ba haraji ba ne, sanarwa ce kawai, amma rashin yin ta na da tara mai zafi. Mai babban kaso a kamfanin waje yana da fom 5471, tarar barinsa dala 10,000 ce. Kuma babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, saboda haka ka tambayi akantanka ƙarara ko ya taɓa yin aikin mai dukiya a waje. Da yawansu ba su taɓa ba, na kirki zai faɗa maka.

Can gida ma an canza. Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki a Janairun 2026, hukumar FIRS ta koma NRS. Kamfanin da ke da rajista, ko bai ci ribar kwabo ba, wajibi ne ya shigar da bayanansa duk shekara. Ƙaninka ya iya sayen shanshera, ya san farashin buhu a Dawanau, amma wannan ba fanninsa ba ne, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce maka wasiƙa ta zo ba. A nemi akanta mai shaidar ICAN ko ANAN ko CITN a Kano, a biya shi, a daina ba ɗan kamasho na bakin ofis. Masu aika kuɗi gida kuma, daga 1 ga Janairun 2026 akwai harajin kashi 1 cikin ɗari a kan wanda ya kai tsabar kuɗi kanti ya aika. Wanda ya aika daga asusun bankinsa bai shafe shi ba.

Roƙona ga shugabanni, a fitar da mutum uku cikin 'ya'yanmu da suka yi karatu a nan, su tantance mana ƙwararru masu lasisi, a liƙa sunayensu a masallaci. A kuma sa rana ɗaya kafin Afrilu da za a zauna a karanta wa duk mai wasiƙa wasiƙarsa cikin sirri, mata su samu mace.

Ku kuma 'yan'uwa, na san a ɗakin nan akwai mai irin durowata. Ba sai ka ɗaga hannu ba. In ka koma gida daren nan, buɗe ta, duba kwanan watan da ke saman takardar, gobe da safe ka kira wani a cikinmu. Ni zan raka ka da motata.

Allah ya rufa mana asiri, ya mai da mu gida lafiya.