Mai Zane Da Aikinsa Cikin Gonar Ubangiji

Jawabin da aka yi a taron jubili a Garwa

 

A ranar jubili an saba tunawa da masu wa'azi, da masu juya Littafi, da masu ba da magani. Daidai ne kuwa. Muna tunawa da Adolphus Gunderson wanda ya zauna a Mbula cikin mutanen Gbaya a 1923, da mutanen Nowe da suka kafa aiki a Ngaundare a 1925, da Berge Revne wanda ya yi aiki a Yagwa. Muna tunawa da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, da na Fulatanci da ya fito a 1983. Amma akwai wani ma'aikaci wanda ba a cika kiran sunansa a irin wannan rana ba, shi ne mai zane. A kansa za mu yi magana yau.

Tsofaffin cikinmu sun tuna da hotunan makarantar Lahadi, da majigin da akan haska a jikin bango da dare. Daga Turai da Amurka aka kawo su, kuma sun yi amfani ƙwarai, gama gani ya kori ji. Sai dai cikinsu duka Ubangiji fari ne mai laushin gashi, almajiransa ma haka, gidajen kuma ba irin namu ba ne. Mai bishara yana faɗi da bakinsa cewa Yesu na dukan kabilai ne, hoton da ke hannunsa kuwa yana faɗin wani abu dabam. Yaro yakan riƙe abin da idonsa ya gani fiye da abin da kunnensa ya ji. Har wa yau in maƙwabci ya ce muku kun bi addinin Nasara, ku sani waɗannan hotuna suna cikin shaidun da yake kafawa.

To, a arewa da mu, cikin duwatsun Mandara wajen Mokolo, akwai mutanen Mafa, waɗanda a dā ake ce musu Matakam. Manoman dutse ne. Sukan jera duwatsu hawa hawa su tare ƙasa, su shuka dawa da gero a wurin da baƙo zai ce ko akuya ba za ta sami abin ci ba. Sun sha wuyar farmakin masu kamun bayi. Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya bar littafin da ya sa aka rubuta masa daga 1912 zuwa 1927, cikinsa kuwa akwai lissafin hare-harensa a duwatsun nan da na mutanen da aka kama. Ba domin tada tsohuwar gaba muka ambaci wannan ba. Mun ambata domin ku san irin mutanen da aikin nan ya fito daga cikinsu: mutanen da aka daɗe ana ƙirga su kamar dukiya.

A shekarun 1970 masu bi na Mafa suka so su ga labarin bishara da irin fuskokinsu. Wani fada Bafaranshe na ikilisiyar Katolika, François Vidil, ya tsaya tare da su cikin wannan. Mun ce Katolika a fili, gama ba ma ɓoye gaskiya. Akwai abubuwa da yawa da muka bambanta da su, amma aikin kirki in an yi shi, wajibi ne a ce an yi.

Ku lura da yadda aka bi, domin a nan darasin yake. Ba a fara da fenti ba, da Maganar Allah aka fara. Akan zaɓi labari daga cikin Linjila a karanta wa jama'a. Sa'an nan mutanen ƙauye su tashi su kwaikwayi labarin da jikinsu, a ƙofar gidajensu, da tufafinsu da ƙorensu da tulunansu. Wani ya zama makaho a bakin hanya, wata ta zama mace a bakin rijiya. Ana cikin haka ana ɗaukar hotonsu, ana kuma zana su a takarda. Daga waɗannan ne wata mai zane Bafaranshiya, Bénédite de la Roncière, ta fitar da zane-zane masu launi fiye da 60, tun daga saƙon mala'ika zuwa ga Maryamu har zuwa saukowar Ruhu Mai Tsarki ranar Fentikos. Aka buga su da yawa a Faransa, suka bazu cikin ƙasashen duniya. Sunan da aka san su da shi shi ne Yesu Mafa.

Ku yi tunani a kan mutumin da aka ce ya kwaikwayi uban ɗan nan mubazzari. Dole ya tambayi kansa, yaya dattijo yake yi in ya hango ɗansa da ya ɓace? Zai zauna bisa dutsensa ya jira a zo a durƙusa masa, kamar yadda girma ya saba? Ko zai manta da girma ya sheƙa a guje? Kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, mutumin nan ya riga ya yi nazarin Luka sura 15 fiye da waɗansu masu takardar shaida. Mu masu bishara mun san wannan: abin da jama'a suka yi da jikinsu ba ya saurin fita daga zuciyarsu.

Wanda ya duba zanen zai ga Ubangiji baƙin mutum, sau da yawa cikin jar riga, yana tafiya tsakanin ɗakuna masu jinka mai tsini, da manyan duwatsu, da mata masu tulu a ka. A jibin Ubangiji ƙwarya ce a hannunsa. Ba a ƙara wa labarin kome ba, ba a kuma rage ba. Wurin kaɗai aka sāke, da fuskokin.

Abin da ya fi taɓa mu cikin aikin matar nan shi ne yadda ta sa kanta a baya. Mai gwaninta yakan so a san shi, wannan halin ɗan Adam ne. Ita kuwa ta karɓi abin da manoman dutse suka nuna, ta bauta masa da hannunta. Mutane da yawa a duniya sun rataye zanenta shekara da shekaru ba su san sunanta ba. Sunan Yesu suka sani, da sunan Mafa. Mai waƙa a ikilisiya, da mai kiɗa, da mu masu tsayawa a bagade, sai mu auna kanmu da wannan mudu.

Yanzu mu zo ga tambayar da muka san tana cikin zuciyar waɗansu dattawa, tambaya ce kuwa mai nauyi. Ashe, Allah bai hana yin siffa ba? Ya hana, cikin Fitowa sura 20. Da yawa cikinku kun bar tukwanen tsafi da wuraren yanka, waɗansu har gida aka kore ku saboda haka. Ba wanda zai ce muku tsoron gunki wauta ne. Amma mu karanta gaba kaɗan. Cikin littafin nan na Fitowa, sura 25, Allah da kansa ya umarta a ƙera kerubobi biyu na zinariya bisa akwatin alkawari. Cikin Littafin Ƙidaya sura 21 ya sa Musa ya yi maciji na tagulla ya ɗaga shi bisa sanda, wanda maciji ya sara ya duba ya rayu. Bayan shekaru masu yawa Isra'ilawa suka fara ƙona wa macijin nan turare, sai sarki Hezekiya ya farfashe shi, kamar yadda yake cikin 2 Sarakuna sura 18, Littafi kuwa ya yabi Hezekiya. Maciji ɗaya ne, tagulla ɗaya ce. Sa'ad da yake juya idon mutane zuwa ga jinƙan Allah, kayan aiki ne. Ranar da aka durƙusa masa, ya zama abin fasawa.

Saboda haka ga abin da muke koyarwa. Hoto na koyarwa ne, ba na sujada ba. Ba a yi masa addu'a, ba a sa shi ƙarƙashin matashin mai ciwo, ba a ɗaura shi a wuyan yaro kamar laya. In kun ga wani ya fara haka, ku karɓe hoton da hankali ku ba shi Magana.

Akwai kuma abin da dole mai koyarwa ya faɗa duk lokacin da ya buɗe zanen nan. Yesu ba mutumin Mafa ba ne, ba kuwa Bahaushe ba, ba Bature ba. Bayahude ne, an haife shi a Baitalami, ya yi girma a Nazarat, an gicciye shi a zamanin Bilatus. Ba wanda ya san kamannin fuskarsa, gama masu rubuta Linjila ba su bayyana ba. Zanen ba ya cewa ga kamanninsa. Abin da yake cewa shi ne, wanda ya zama mutum domin mutane duka ba baƙo ba ne a ƙofar gidanka. In an bar wannan bayani, an fitar da yaro daga ruɗani ɗaya an sa shi cikin wani.

Mu da muke zaune a Garwa muna da ƙarin dalilin yin hankali. Maƙwabtanmu Musulmi suna girmama Annabi Isa, ba su kuwa yarda a zana fuskar annabi ba. Da yawa cikinku iyayenku ne, da yayyenku. Kada ka ɗauki hoto ka tura a idon mahaifinka ka ce kana shaida. Ka ba shi labarin da bakinka, cikin ladabi. In shi ya tambaya game da abin da ya gani a ɗakinka, ka gaya masa gaskiya, cewa ba ka yi masa sujada, allon karatu ne.

Zanen Mafa hannun baƙuwa ne ya yi shi, salonsa kuma na makarantar Turai ne. Waɗansu sun yi wannan suka, ba kuwa ƙarya suka yi ba. Amma ƙasar Kamaru ta haifi nata gwani. Engelbert Mveng, fada ne daga kudu, an haife shi a 1930. Malamin tarihi ne a jami'ar Yawunde, ya buga tarihin Kamaru a 1963, ya kuma kafa ɗakin koyon zane a Yawunde. Shi bai bi salon Turai ba. Ya ɗauko siffofi da launuka daga sassaƙa da adon mutanen Afirka. Cikin zanen gicciye da ya yi a ɗakin sujadar makarantar Libermann a Duwala, ja yana nufin rai, baƙi wahala, fari kuwa mutuwa. Aikinsa yana cikin babbar majami'ar Katolika ta Yawunde, ya kai har Nairobi da Shikago ta Amurka. An kashe shi a gidansa cikin watan Afrilu na 1995. Mun kawo shi domin kada wani saurayi a nan ya ce zane aikin Turawa ne.

Masu hannu kuwa ba su da nisa da mu. A cikin Mafa, maƙera jinsi ne dabam. Mazansu suke ƙira, su ne kuma masu binne matattu, matansu suke gina tukwane. Kowa yana bukatar fartanyarsu da tulunsu, amma bisa ga al'ada ba a aure da su, ba a kuma ci akushi ɗaya da su. A ƙasar Hausa ma kun san yadda akan yi wa waɗansu masu sana'a kallon raini. To, ku buɗe Fitowa sura 31. Sa'ad da za a yi alfarwa ta sujada, Allah ya kira Bezalel ɗan Uri da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla, da sassaƙar dutse da itace, ya kuma ba shi Oholiyab abokin aiki. Maƙeri ke nan, cike da Ruhun Allah. Ubangijinmu kansa a gidan masassaƙi ya tashi. Ikilisiyar da ta sa maƙeri a kujerar baya, ko ta ƙi ba ɗansa aure, ta karanta surar nan ba ta ji ba. A teburin Ubangiji ƙwarya ɗaya ce ke zagawa.

Ga roƙonmu ga dattawa da malaman makarantar Lahadi. A kowace ikilisiya akwai yaron da yake zane da gawayi a bango ana kwaɓarsa, akwai macen da take ƙawata ƙwarya da wuƙa mai zafi, akwai baduku, da marini, da mai ɗinkin hula. Ku neme su ku san sunayensu. Ku saya wa yaron nan takarda da fensir daga baikon ikilisiya, kuɗin ba su kai na buhun siminti ba. Wanda kuka sa shi aiki kuwa ku biya shi haƙƙinsa, kada ku ce ai na Allah ne ku sallame shi da godiya kawai, gama shi ma yana da iyali. Dattijo ɗaya mai sanin Littafi ya riƙa duba aikin kafin a nuna wa jama'a.

Sa'an nan ku bi hanyar da mutanen Mafa suka bi. Kafin Kirsimati mai zuwa kowace ikilisiya ta zaɓi labari ɗaya, a karanta shi da Hausa ko Fulatanci ko harshen garin, jama'a su kwaikwaya, masu hannu su zana abin da suka gani. Muna ba da shawara a fara da Markus sura 2, labarin shanyayyen nan da abokansa huɗu suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu. Gado da igiya akwai su a kowane gida, samarinmu kuma sun san yadda ake ɗaga jinka.